Hotunan da Suka Iso Bayan Fernand

Litinin, 4 ga Maris, 2013
Hotunan sun iso daga ɗakin ajiyar tarihi, da sunan mijina Fernand a bayan ambulan. Wata biyar da binne shi. Guda shida ne, jirgin leƙen asiri ya ɗauke su daga sama da safiyar 6 ga Yuni, 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu. Na ajiye a kan firji, ban buɗe ba.

Alhamis, 7 ga Maris
Wasiƙar Maureen daga Ingila. Mahaifinta ne ya tuƙo ɗaya daga jiragen sojan da suka sauka garinmu a ranar, irin na katako marar inji, wanda wani jirgi ke janyowa da igiya ya sake shi. Tana ciki aka kashe shi. Za ta zo a watan Yuni, ranar kafa dutsen tunawa, ta tsaya daidai inda ya mutu. Shekara goma Fernand yana rubuta mata cewa a gonarmu ne, gindin itatuwan tuffa. Har turke ya kafa a wurin.

Talata, 12 ga Maris
Na buɗe. Shekara talatin na yi ina awon filaye a ofishin safiyo, ina ce ido bai manta aikinsa ba. Ga coci, ga rafi, ga rufin gidan surukaina. Jiragen kamar fararen ƙudaje a kan tabarma. Namu shi ne mai karyayyen fiffike, haka rahoton soja ya ce. Na bi sawun da ya ja a ƙasa da gilashin ƙara girma. Ya tsaya a jikin shinge. Tsallaken rafi.

Laraba, 13 ga Maris
Na sake aunawa sau huɗu. Gonar maƙwabcinmu Léonce ce.

Lahadi, 17 ga Maris
Ban je coci ba, kada in gan shi. Abin da Léonce ya faɗa ke nan tun 1984, a taron gari, Fernand ya miƙe ya ce masa maƙaryaci a gaban kowa. Daga ranar ko gaisuwa. Ni ma na bi mijina, ina sauya hanya in na hango shi a gidan burodi.
Wa zai sani in na ƙona hotunan? Maureen za ta yi kukanta a gindin tuffa ta koma gida. Ƙasa ai ƙasa ce.
Fernand, shekararka tara lokacin, kana kwance cikin kwalbati da hannun uwarka a kan bakinka. Me ka gani? Me ya hana ni tambayarka?

Lahadi, 24 ga Maris
Ruwa tun safe. Na yi miya ta mutum biyu, na zubar da rabi.

Talata, 2 ga Afrilu
Na je. Ya daɗe kafin ya buɗe ƙofa.
"Wace ce?"
"Odile ce."
"Matar mai taurin kai? Yau kuma wa ya mutu?"
Na shimfiɗa hoton a teburinsa, sai na lura idonsa ya tafi. Yana shafa takardar kawai. Na kama yatsansa na ɗora a kan jirgin, na ce, "Kai ke da gaskiya." Na zata zai yi dariya. Bai yi ba.
Can ya ce matuƙin bai mutu nan take ba, ya kai tsakar rana. Katako ya danne masa ƙafafu. Léonce na da shekara sha shida, ya riƙa ɗebo masa ruwan rafi a hularsa. Mutumin yana ta nuna ciki da hannu, yana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri, yana murmushi.
"Ba na jin yarensu, maƙwabciya, amma wannan na ji. Da na so in faɗa wa yarinyar. Mijinki ne ke riƙe da adireshin."
Na ce yarinyar yanzu shekararta sittin da takwas.
"To sai ki hanzarta, ni tamanin da biyar."
A bakin ƙofa ya ce ranar jana'izar Fernand yana bayan katangar maƙabarta, a tsaye, har aka watse.

Laraba, 3 ga Afrilu
Fushi nake da mamaci. Ban san ana yi ba.

Juma'a, 5 ga Afrilu
Na rubuta wa Maureen. Layin "mijina ya yi kuskure" ya ci min takarda uku, na huɗun na bar shi yadda yake. Maganar hula ban sa ba, ba tawa ba ce, Léonce zai faɗa mata da bakinsa, ni in fassara.
Gobe zan kai shi gonar. Ya ce ƙafarsa ta san wurin, sai dai a riƙe masa hannu wajen tsallake rafi. Saboda idonsa ne kawai. Da ƙarfe goma ya ce, kuma kada in makara.