Injinka Ne Ya Goge Sunayen Iri, Ba Ni Ba

Zuwa ga Injiniya Sagir, jagoran ƙungiyarmu ta masu rubuta manhajar manoma.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Injiniya, yau dariya nake ta yi har Inna ta leƙo ɗaki tana tambaya ko lafiya. Lafiya lau! Na kama mai laifin, kuma ɗan gidanka ne. Tunda a zauren ƙungiya, gaban kowa, ka ce ni na goge aikina da hannuna, a zauren zan ba ka amsa.

Na farko. Ka san aikin da aka ba ni: in tattaro sunayen irin gero da dawa da wake yadda manomanmu ke kiransu, don kada manhaja ta riƙa yi wa tsoho yaren da bai sani ba. Mako uku ina bin gonaki. Baba Ɗanladi na bayan coci shi kaɗai ya ba ni sunaye goma sha ɗaya, ya kuma sa na maimaita kowanne sau biyu, wai yaran yanzu kunnenmu na cikin waya. Duk na zuba su a reshena, wato kwafin da kowa ke da nasa, yana aiki a kai kafin a haɗe shi da uwar aiki.

Na biyu. Ƙauyenmu babu sabis na kirki. Sai ranar kasuwar Tsanyawa nake hawa bas, in zauna a rumfar masu cajin waya in tura abin da na yi. Sau ɗaya a mako ke nan. Kai kuwa ka saita injin nan mai gwada aiki yana haɗe rassa da kansa, ka ce masa duk reshen da ya kwana biyar ba a taɓa shi ba ya mutu, ya sake gina shi daga uwar aiki ya yi turin dole a kai. Turin dole kuwa ba ya sallama, abin da ya tarar yake shafewa. Kwana biyar, Injiniya! Kasuwarmu sai bayan kwana bakwai. A lissafin injinka, duk ɗan ƙauye mamaci ne tun kafin kasuwa ta zagayo.

Na uku. Na zo kasuwa, na bi ƙa'idar da kai ka rubuta, cewa kowa ya daidaita kwafinsa da na sama kafin ya ci gaba. Na daidaita. Shafi ya koma fari tas. Da na kawo kuka, ka ce dama wanda ya koyi aiki a waya bai kamata a ba shi mabuɗin tura aiki ba, ka cire ni daga masu turawa.

Na huɗu, nan ne daɗin. Ban yi jami'a ba, amma karatu bai taɓa ba ni tsoro ba. Kwana biyu ina cin littafin bayanin manhajar da muke tura aiki da ita, sai na gano ashe wayata na ajiye tarihin duk inda aikin ya taɓa tsayawa. Ina buɗewa sai ga sunayen nan reras, ko ɗaya bai ɓata ba. Na yi tsallen da ya kifar da kwanon fura. Ban jira kasuwa ba, na hau bas na je Tsanyawa na buɗe rajistar injin. Sunansa ne a kan turin, ba nawa ba. Ga hoton nan na haɗa, a ƙara masa girma a gani da kyau.

Amma a layin da ke ƙasan nawa na ga reshen Malama Hauwa ta Gezawa, wadda ta bar ƙungiya watan jiya ba ta ce wa kowa uffan ba. Shi ma haka aka yi masa. Ni mai baki ne, na yi magana. Ita ta ɗauka ita ce ba ta iya ba.

Roƙona: a hana injin turin dole a kan reshen mutum. Kada a haɗe komai sai ɗan Adam ya sa ido. A mayar min da mabuɗina kafin kasuwa mai zuwa, don ruwa ya kusa sauka kuma manoma ba za su jira mu ba. Ka faɗa a zaure cewa ba ni ba ne. Sannan ka kira Malama Hauwa da bakinka, ka gaya mata aikinta ba shi da laifi.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya ba ka ikon riƙe mu da adalci.

Wassalam.

Naka, Nafi'u Isyaku, daga yankin Tsanyawa.