Ni Na Ɓoye wa Maigidana Kaskensa

Inna Lantana, don Allah ki taimake ni. Wata bakwai ke nan ina ɗauke da maganar da na kasa faɗa wa kowa, har uwar da ta haife ni. Kada ki sa sunana.

Ni malamar lakol ce, makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Gidan Sori. Maigidana ma'aikacin dabbobi ne, kullum yana kan moto, wato babur, yana bin rugage yana yi wa shanu da awaki allura. Tun kafin mu yi aure ba ya hawa moto sai da kaske, hular kwanon nan, da wata riga mai kauri mai tauri a kafaɗu da gwiwar hannu, da safar hannu. Ko ana zafin bazara haka zai fita yana zufa. Mutanen gari suka laƙaba masa Kunkuru. Shi dariya yake yi, ni ce abin yake ci wa rai. In na shiga gidan biki sai in ji ana raɗa, ga matar Kunkuru nan. Har ɗalibaina na taɓa kamawa sun zana shi a allo.

Ranar da abin ya faru, sunan ɗiyar ƙanwata ake yi a Sae Sabuwa. Dangina duka za su hallara, har da yayata Naja'atu wadda mijinta ke da mota. Na ɗinka wa Malam babbar riga ta shadda, na roƙe shi ya sa. Ya ce zai sa ta a jaka, in mun isa ya canza. Ni kuwa na san da kayan nan zai tsaya a ƙofar gidan, kowa na kallo. Yana masallaci da asuba na kwashe kasken da rigar mai kaurin na tura su ƙarƙashin harawar awakina. Ya dawo ya nema, ya ɗaga katifa, ya leƙa bayan ɗaki. Sau biyu yana tambayata, na ce wataƙila a buro, wurin aikinsu, ya baro su. Ina kallon idonsa na faɗi haka, Inna. Na dame shi da ƙorafin za a raɗa suna ba mu je ba, sai ya sa babbar rigar muka kama hanya.

Ba mu yi rabin tafiya ba gefen rigar ya zame daga kafaɗarsa ya shige tayar baya. Ni kan yashi na faɗa, ɗan ƙujewa kawai na yi a hannu. Shi kansa ya bugi kututturen itace. Wani mai amalanken jaki ya kai mu bakin kwalta, daga nan aka wuce da shi Maraɗi. Kwana tara bai san inda yake ba.

Ya tashi, alhamdulillahi. Amma kunnensa na hagu ya daina ji, kuma yakan tsaya tsakiyar magana yana laluben kalma, mutumin da a da yake hira da Fulani cikin harshensu har su manta baƙo ne. An mayar da shi aikin zama a buro. Bai tuna komai na wannan rana ba. Abin da ya fi ƙona mini rai, kansa yake zargi. Yakan ce ya rasa abin da ya shiga kansa, shekara goma sha ɗaya yana kiyayewa, rana ɗaya ya yi sakaci har ya kusa kashe ni. Gafarata yake nema, Inna! Surukata kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin jinyar da na yi wa ɗanta, tana sa mini albarka. In ta fara sai in tashi in ce tukunya zan duba. Kayan suna nan, na mayar da su ƙasan akwatina.

Yanzu ga wata sabuwa. Wani gidan rediyo na yankinmu zai yi tattaunawa kan ko a matsa wa kowane mai moto ya sa kaske dole, kuma ƙungiyar mata ta zaɓe ni in yi magana, wai ni na gani da idona. Ƙanena Nomau, ɗan kabu-kabu a Agiye, ya ce kada in je in jawo musu wahala. Ya ce kaske mai kyau ya fi ƙarfinsu, mai arha kuma fashewa yake kamar ƙwarya, ga zafi, ga fasinja ba ya yarda ya sa hular da wani ya yi zufa a ciki. Ya ce a ƙauyukan bakin iyaka ma, yadda ake zaman ɗar-ɗar, mai moto da fuska a rufe tsoronsa ake ji. Akwai gaskiya a maganarsa. Amma nakan ce a raina, da muna tsoron jandarma za su tare mu a hanya, da ban ɓoye kayan nan ba. Sai kuma in ga kamar inda zan jingina laifina nake nema.

Da wane baki zan yi wa mutane nasiha? In faɗa masa, ko in bar shi da ɗan kwanciyar hankalin da ya samu? Ina tsoron ya tsane ni.

Mai Nadama, daga yankin Gidan Rumji

*

'Yata,

Ba zan ce ba ki yi laifi ba, don kin yi. Kin ɓoye kayan, kin yi ƙarya, kuma gudun bakin mutane ya sa ki. Amma ba ki nufe shi da sharri ba, a moto ɗaya kuke, ke ma kanki a buɗe yake.

Ki faɗa masa. Kin ce yana cikin kwanciyar hankali, ni ban gan ta ba wurin mutumin da ke neman gafara kan laifin da bai yi ba, har yana shakkar hankalin kansa. Ki fara tambayar likitan da ke duba shi ko zai iya ɗaukar magana mai nauyi yanzu. In ya ce e, ki nemi lokacin da kuke ku biyu, ki zauna ta ɓangaren kunnen da yake ji, ki fito da kayan ki ajiye a gabansa, ki faɗi abin yadda kika rubuto mini. Kada ki kawo matan biki ko motar mijin yayarki a matsayin hujja. Zai iya yin fushi, zai iya kwanaki bai tanka miki ba. Haƙƙinsa ne, kada ki matsa masa da kuka don ya yafe nan take. Ko surukarki za ta ji, shi zai yanke. Jinyar da kika yi kuma ta gaske ce, albarkar da ake sa miki ba sato ta kika yi ba.

Batun rediyo, kada ki je kafin ku yi magana. In lokaci ya ƙure a ba wata. Bai kamata gari ya riga miji jin wannan ba.

Zancen dole kuwa, ƙanenki ba wauta ya faɗa ba. In aka ɗora wa talaka doka ba a sauƙaƙa masa kayan ba, sai ya sa kaske in ya hango jandarma, ya rataye shi a hannu in ya wuce. Ni a ganina kaske ya zama dole ga mai tuƙi da wanda aka goya, bayan an ba da wa'adi, an kuma samar da mai inganci a farashin da ɗan kabu-kabu zai iya. Akwai irin wanda ke barin fuska a buɗe, zai rage tsoron da Nomau ya ambata. Riga mai kauri da safar hannu a bar su ga jan hankali, zafin ƙasarmu ba wasa ba ne. Tattare babbar riga da mayafi kafin a hau kuwa ba ya buƙatar doka ko kuɗi.

Sai dai ki lura, mijinki ba doka ya rasa ba. Dariyar mutane ce ta raba shi da kayansa, kuma babu jandarman da ke kama mai dariya. A nan ke malama kike da aiki, don masu moton gobe a gabanki suke zaune kowace safiya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanki. Ke kuma ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya, da haƙurin jiran amsar da za ta biyo baya.

Inna Lantana