Wa Ke Da Maguna Masu Datsattsen Kunnen Hagu?

Zuwa ga Mai Girma Likita,
Shugaban tawagar likitocin dabbobi da suka sauka a ƙauyenmu na arewacin Ungogo bayan an gama yankan gero.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Gaisuwa mai sanyin ruwan randa, mai ƙamshin sabon gumba, ta tabbata gare ka da iyalinka da abokan aikinka. Ina roƙon gafara da na kutso cikin hidimominka ba da sammaci ba. Na san shanu da tumaki sun ishe ka aiki, ga shi ni kuma da maganar mage na zo. Ban san inda ofishinka yake ba, shi ya sa na buɗe wasiƙar a bainar jama'a, ko Allah zai sa wani ya miƙa maka.

Sunana Sale Garba, manomi, mai ɗan taɓa waƙa idan aikin gona ya lafa. Ni ne wanda ya shimfiɗa muku tabarma, kuka kafa teburinku a gindin darbejiyar ƙofar gidansa.

Na farko. Ban zo musun alherinku ba. Kafin zuwanku maguna sun yi mana yawa. Ba a rufa wata huɗu sai an ji kukan 'ya'yansu a ƙarƙashin rumbu, a zuba su a buhu a kai bakin kududdufi, yunwa ta ƙarasa su. Karnukan da ba su da mai su kuma suna korar mana awaki. Kuka ce za ku dandaƙe mazan magunan, ku yi wa matan aikin tsayar da haihuwa, a kan kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Da mutane suka noƙe, ni na bi su gida-gida da waɗannan baitoci nawa:

Jama'a ku kawo mage da muzuru,
Likita ya sauka, a bar yin shiru,
Mu bar guda ƙosasshiya gadin rumbu,
Ba goma da yunwa a bayan garu.

Aka kuwa kawo, wasu a kwando, wasu a buhu.

Na biyu. Duk magen da ta farfaɗo daga allurar barci, sai na ga an datse mata kan kunnen hagu. Na tambayi wata ma'aikaciyarku, ta ce shaida ce don kada a sake kama wadda aka riga aka yi wa aiki. Na gyaɗa kai, har na yaba da hikimar. Wallahi a ranar tunanina bai kai ga garken gidana ba.

Ranka ya daɗe, a garinmu kowane gida yana da shaidarsa a kunnen awaki da tumaki. Gidan liman tsaga biyu ne a kunnen dama. Gidan maƙera huda ce. Namu kuwa, tun zamanin kakana, datse kan kunnen hagu ne, daidai yadda kuka yi. Ƙa'idarmu kuma ita ce, dabbar da ta yi ɓarna a duba kunnenta, mai shaidar shi ke da laifin. Da wannan muke zaune lafiya, gona na jikin gona.

Na uku. Tun bayan tafiyarku ƙofar gidana ba ta huta ba. Inna Hajo mai daddawa ta zo da gashin 'yan tsakinta a tafin hannu. Wani ya zo da murfin tukunyar da aka ture. Duk na ba su haƙuri, ni da mage ɗaya tak nake da ita.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne Malam Habu, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin. Wani baƙin muzuru ya shiga ɗakin tantabarunsa ya yi musu mummunar ɓarna. Ya kife shi da kwando, ya kawo shi zaurena, ya riƙo kunnen ya nuna mini. Na yi masa bayanin da ma'aikaciyarku ta yi mini. Ya ce shi bai san wani likita ba. Abin da idonsa ya gani shi ne, a ƙofar gidana aka datse kunnen, a kan tabarmata, bayan ni na tara jama'a da waƙa. Na buɗe baki zan musa, na ga babu kalma ɗaya ta ƙarya a zancensa. Ya bar mini muzurun ya tafi. Tun ranar ya sauya wurin tsayuwa a sahu, ƙwaryar furar da ke ƙetare katangarmu kuma ta daina ƙetarewa.

Na huɗu, wanda a nan ne kaina ya ƙarasa ɗaurewa. Ran kasuwa na ja akuyata mai haihuwar biyu-biyu zan sayar. Mai saye ya shafa ta, ya yaba, sai ya ga kunnen hagu ya sake ta, wai ya ji labarin duk mai wannan shaida likitoci sun tsayar mata da haihuwa. Ke nan a gida magunanku sun zama nawa, a kasuwa awakina sun zama naku.

Na biyar. Magana ta kai gaban mai unguwa. Ya ce al'adar da aka gada ba a warware ta da fatar baki. Ko dai in karɓi duk mai datsattsen kunnen hagu a matsayin tawa, da ɓarnarta duka, ko in saki shaidar kakana in nemi wata. Sai fa idan na kawo takarda mai hatimi daga hannunku. Ya ɗaga zaman zuwa Asabar ta sama, bayan la'asar. Kunnen da aka datse dai ba ya tsirowa, ban san inda zan sa wa awakin sabuwar shaida ba.

Don haka ina roƙonka abu uku. Ka rubuto a sarari cewa datsen kunnen maguna shaidar aikinku ce, ba ta mallakar kowa ba. Ka ƙara layi ɗaya cewa hannunku bai taɓa akuya ko tunkiya a garinmu ba. Sannan duk ƙauyen da za ku sauka nan gaba, ku zaga garke ku duba kunnuwa kafin ku ɗauki almakashi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa albarka a hannunka, Ya raba ka da ɗaukar laifin da ba naka ba.

Ina jiran amsarka a rubuce kafin Asabar ɗin nan, domin in riƙe ta da hannuna in yi sallama a ƙofar Malam Habu tun kafin a zauna. Idan kuwa a iliminku magunan nawa ne, shi ma ka rubuto, in san bakin da zan faɗa wa uwargida ta ƙara awo.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sale Garba