Abin da Hanya Ta Ci

Kalgo

Zuwa ga Yaya Kulu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da yara. Na ba Abdulgani direba wannan takarda, tunda kin ƙi jinin waya.

Likita ya ce ciwon suga na bakin ƙofata, ya ba ni magani, ya ce in rage ƙiba. Kullum da safe ina taka hanyar Wurogauri in dawo. Abokan aikina sun rabu biyu: wasu sun ce in ci abinci daidai da abin da tafiyar ta ƙone, wasu sun ce in na ci na yi aikin banza. Na bi na biyun, sai azahar nake sa wani abu a baki.

Amma Yaya, tsoro nake ji. Duk sanda na dawo na buɗe ɗaki sai in ji ƙamshin furar marigayiya Inna, har da citta da kanumfari, alhali ba fura a ɗakin. Ba na son in tafi yadda ƙiba ta tafi da ita.

Ƙanwarki,
Khairiyya

Gwandu

Zuwa ga autar Inna,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Na gan ki ranar sunan ɗan Hassan, zani ya zagaye ki sau biyu kamar an ɗaura wa taɓarya. Mata sun ja ni gefe suna tambaya ko ciwo kike ɓoyewa.

Wa ya gaya miki ƙiba ce ta kashe Inna? Kina makarantar kwana lokacin, shi ya sa ba ki san yadda aka yi ba. Ita ma an ba ta magani, an ce ta rage jiki. Kin san halinta, in ta kama abu ba ta saki. Ita da ba ta barin baƙo ya gama gaisuwa sai ya sha fura, tana cewa, "Hanya ta ci ka, maida abin da ta ci, sannan mu ji abin da ka taho da shi," ita ce ta hana kanta. Ta riƙa shan maganin alhali cikinta wayam, ta taka har Masama. Wata rana makiyaya suka tsince ta zaune a gindin bishiya, ƙwaryar furar da za ta kai wa ƙanenta na gefenta, ko faifan ba ta ɗaga ba. A asibiti suka ce sugan ne ya sauka ƙwarai.

Har yau in na tuna ƙwaryar nan sai zuciyata ta karye. Ki koma wurin likitan ki gaya masa yadda kike yi, kuma ki ci wani abu kafin ki fita. Ba zan iya sake wankan gawar wani nawa ba.

Yayarki,
Kulu

Kalgo

Yaya,

Ina gaisuwa. Takardarki ta iso jiya da yamma, ta makara da rabin yini. Jiyan da safe a hanya idona ya yi duhu, na zauna a gindin wata bishiya ina gumi. Wata tsohuwa mai tallar nono ta sauke kayanta ta dama min fura, ba ta tambaye ni komai ba, na shanye. Ban iya ɗaga kai na ga fuskarta ba, kuma ba ta tsaya na gode mata ba.

Gobe zan ga likita. Amma ki gaya min, wace irin bishiya ce aka tsinci Inna a gindinta? Tawa kanya ce.

Taki,
Khairiyya