Na Hana Baba Hanta, Na Zama Muguwar Ɗiya

Goggo Hajjo, ki taimake ni, zuciyata ta cika. Mahaifina limami ne a unguwar Gidan Dare, ni ke jinyarsa tun rasuwar Inna. Babban yatsan ƙafarsa ke kumbura, ya yi ja, ko zane ya taɓa shi sai ya yi nishi. Yanzu a kan kujera yake salla, na'ibinsa ke jan jam'i.

Likita ya ce wani sinadari ne, wai fiyurin, da ke da yawa a hanta da ƙoda da kayan ciki. Na daina sa su a miya. Sai ga Yaya Bashar daga Abuja da gasasshiyar hantar rago. Baba ya ci yana ta sa masa albarka. Washegari ko ƙasa bai iya takawa, Yaya kuwa ya kama hanya. Ni na ɗauki fo, ni na yi masa gashin ƙafa. Amma a dangi cewa ake ina horon tsoho da yunwa. Jiya Baba ya ture akushina, ya ce ɗan da ke nesa ya fi ni tausayi. Na soma jin ƙinsu duka, har shi.

Ɗiyar Liman, Sakkwato

Ɗiyata, ɓacin ranki na bisa hanya, an ci haƙƙinki. Amma fiyurin ba guba ba ne. Da shi aka gina rabin haruffan da ke ɗauke da gadon halittarmu a ƙwayoyin jiki, da shi kuma jiki ke sarrafa kuzari. Idan jiki ya gama da shi sai ya koma wani datti mai suna yurik asid, ƙoda ta fitar da shi a fitsari. In ya taru, yakan daskare a gaɓa kamar tsinin allura.

Mafi yawansa jiki ne ke ƙera shi, don haka tukunyarki kaɗai ba ta isa ba. Ku koma wurin likita ku tambayi maganin rage shi, a duba ƙodar Baba. Ki ba shi ƙwai da nono da ruwa sosai, a bar lemun kwalba.

Yayanki bai nufi sharri ba, da abin da ya sani ya nuna ƙauna. Ki kira shi ya kai Baba asibiti da kansa, ya kuma karɓi jinyar mako guda. Shi kuwa Baba, ba hanta yake wa fushi ba. Mutumin da ya saba tsayawa gaban sahu ne aka zaunar, ke ce kuma kusa, shi ya sa yake huce haushi a kanki. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki zuciya.