Inna Ta Fara Kiran Sunana

Anti Murjanatu, don Allah ki taimaka mini da shawara, na rasa wanda zan gaya wa.

Ni ɗan fari ne, daga wani ƙauye kusa da Sandamu, ina gadi a Fatakwal. Tun da na yi wayo, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "yayan su Adawiyya". Na san kunya ce, ba ƙiyayya ba. Amma ina kallo tana wasa da ƙannena, ni kuwa ta ajiye mini fura ta kau da kai. Da wannan ƙullin na bar gida.

Yanzu mantuwa ta kama ta, har tukunya take ɗorawa babu ruwa. Ƙanwata Adawiyya ta ce da la'asar takan tsaya bakin zaure tana kallon hanyar gona, tana ƙwala kiran sunana, wai in zo in sha fura. Ƙanena Kalilu ya ce aljanu ne, don Inna da hankalinta ba za ta yi haka ba. Likita a Katsina ya ce ciwon ƙwaƙwalwa ne. Ban ga laifin Kalilu ba, su suke wahala da ita.

An turo mini muryarta a waya. In ina saurare sai in ga gero ya yi kai, iska tana kaɗa shi, ina ƙarami ina gudu a cikinsa. To, yaron take kira, ni kuwa na yi furfura. In na je ta ce wane ne wannan baƙon, zuciyata ba za ta ɗauka ba. In zauna da muryar, ko in tafi?

Ɗan Fari, Fatakwal

Ɗan Fari, Allah ya ba Inna sauƙi. Bayanin likita daidai ne. Akwai sinadarin furotin da kan taru ya dunƙule a ƙwaƙwalwa, ya tare saƙon da jijiyoyi ke miƙa wa juna, har su riƙa mutuwa sannu a hankali. Abin jiya yakan riga gushewa, na da can ya daɗe, kawaici kuma ya sassauta. Ciwon bai ƙirƙiro mata sunanka ba, yana ranta tun tuni.

Kalilu tsoro da gajiya ne ke damunsa, ka lallashe shi. A riƙe addu'a, a riƙe asibiti, kada a tsawata mata ko a kulle ta.

Tsoronka ma gaskiya ne, mai yiwuwa ba za ta gane fuskarka ba. Amma ciwon nan gaba yake yi, wata rana sunan ma zai tafi. Nemi hutu ka je, Adawiyya ta ɗan sarara. Kada ka tambayi Inna ko ta gane ka. Da la'asar ka biyo hanyar gona, in ta kira ka amsa, ka karɓi furar.

Allah ya kai ka lafiya.