Bakin da Na Ƙi Buɗewa

Asabar, 8 ga Maris
An cire mu a wasan kusa da na ƙarshe na ƙwallon kwando, da maki biyu kacal. A motar makaranta kowa sai hararata yake, kamar ni na koya wa waɗancan 'yan matan wasa. Su ci kansu.

Waccan tana asibiti tare da Mama, za a ɗauki hoton hannunta. Yayata ce dai, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a littafin nan waccan ce sunanta. Yau ɗakin nawa ne ni kaɗai, har fankar na juyo gefen gadona.

Lahadi, 9 ga Maris
Bari in rubuta yadda aka yi tun kafin magulmata su ƙara gishiri.

Saura kiris a tashi, muna kunnen doki. Waccan tana tsaron mai lamba bakwai, tana ja da baya, idonta na kan ƙwallo. Sai wata ƙatuwa daga cikin abokan karawarmu ta lallaɓo ta kafe a bayanta ta hagu kamar katanga. Dokar Koci ita ce, duk wadda ta ga an yi wa 'yar'uwarta irin wannan shingen, ta kira ta da ƙarfi ta faɗa mata gefen. Ni ce kusa. Na gani sarai. Ta yi karo da ƙatuwar, ta faɗi a kan hannunta, mai lamba bakwai ta wuce abinta ta zuba a kwando.

To amma wa ya fara? Don an ba waccan kyaftin, ta tsaya gaban kowa a atisaye ta ce hannuna na sabulu ne, komai sai ya suɓuce. Yanzu har 'yan aji ɗaya Sabulu suke kirana. Tun ranar na rantse bakina ba zai ƙara kiranta ba, a gida ko a fili. Ni na ce kada a yi mata ido a ƙeya?

Litinin, 10 ga Maris
Karaya ce a wuyan hannu. An naɗe shi har gwiwa. Wasa ɗaya ya rage, na neman na uku, kuma bana take gama makaranta, ke nan ta gama buga ƙwallo da rigarmu. Kowa a gidan nan sai ya maimaita mini wannan, har Auta da bai iya wanke hancinsa ba.

Talata, 11 ga Maris
Koci ya ja ni gefe, da usur ɗinsa mai warin yawu. Ya ce kuskuren hannu ba ya ɓata masa rai, kowa yana yi. Sai ya tsare ni da ido: “Kin ga yarinyar nan ko ba ki gan ta ba?”

Na ce rana ce ta kashe mini ido. Sai da na faɗa na tuna filin mai rufi ne. Ya ce ba shi da wurin bebiya a cikin 'yan wasa biyar ɗinsa, in zaɓa tsakanin baki da benci. Mutum sai tumbi da iyayi.

Laraba, 12 ga Maris
Munafukai! A atisaye ina tsaron Gajera, ina ja da baya, sai ji na yi na daki Giwa, wadda ta fi kowa ƙiba a cikinmu. Na ciji harshena, na zauna daɓas a siminti. Su uku suna kusa, duk sun ga ta kafe a bayana, ba wadda ta ce uffan. Gajera har da tambayata ko rana ce.

Ban yi musu kuka ba, sai da na shiga banɗaki. Zafin faɗuwar bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne suna kallo.

Alhamis, 13 ga Maris
Harshe ya kumbura. Shayi ma da ƙyar.

Juma'a, 14 ga Maris
Mama ta ce in taje wa waccan kai, na ce ina da aikin gida. Na zauna da littafi a buɗe ina jin ta tana fama da ɗankwali, hannu ɗaya da haƙori. Ya zame ya fi a ƙirga. Ba ta roƙe ni ba, girman kai ba zai bar ta ba.

Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce: “Da na faɗi, fuskarki na fara gani. Kowa ya firgita, ke ba ki yi mamaki ba.”

Ba ta faɗa wa Mama ba. Na so a ce ta faɗa, da na sami abin yin faɗa a kai. Haushinta nake ji ƙwarai, ban ma san na mene ne ba.

Asabar, 15 ga Maris
Mun zo na uku. Muryata ta dishe, wai har masu sayar da ruwa a bakin ƙofa sun ji ni: Gajera damanki, Giwa bayanki. Ba don Koci na yi ba, ba kuma don munafukan nan ba. Benci ne ba na so, shi ke nan.

Waccan ta zauna a gefen fili da rigar kyaftin a kan ɗaurin hannunta. Ba ta tafa ba, da me za ta tafa? Da za mu hau mota na ga igiyar takalminta na hagu ta kwance tana jan ƙasa, ga matakala a gabanta, ita kuma tana can tana sallama da Koci. Bakin ne ya riga ni.

“Yaya, hagunki. Tsaya.”

Na durƙusa na ɗaure. Ta ce ya yi tsauri. Na kwance na sake.

Fankar na mayar tsakiya. Dama sanyi take sa ni.